Zakin Da Mama Ta Jawo Da Gemu

Har yau in na ji ganga, ko da a rediyon maƙwabta ne, sai kunnuwana su ɗauki zafi. Ku gyara zama ku ji. Amma tun ban yi nisa ba ina jan kunne: kada wata yarinya ta karanta wannan ta ce za ta gwada a gidansu. Uwa ba abar wasa ba ce. Ni ma ba ni na ƙulla ba, tsintar kaina na yi a tsakiya, hannuna duk garin fulawa.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Nhai, ina ajin ƙarshe na sakandare a garinmu Nam Dinh. Duk wanda ya taɓa zama ajin ƙarshe ya sani, daga ranar da shugaban makaranta ya buga gangar buɗe zango a watan Satumba, ba ka da sauran suna a gida sai mai jarrabawa. Ka ci abinci, a ce ƙara, jarrabawa. Ka yi atishawa, a rufe taga, jarrabawa. Alhali kuwa jarrabawar sai watan Yuni.

Ga shi kuma zangon kaka shi ne mai daɗin. Zafi ya sauka, iska ta yi sanyi-sanyi, itatuwan bakin titi sun fara furen nan mai ƙamshin da ke hawa kai. Makaranta gaba ɗaya ta rikice da shirin bikin cikar wata. Ko'ina ka leƙa tsinken gora ne da jar takarda mai ƙyalli, ana ɗaure fitilu masu siffar tauraro. 'Yan matan ajinmu suna ta koyon ɓare manyan lemo, za su yi siffar kare da tsokarsa don gasar azuzuwa, rabi a jikin kare, rabi a cikinsu. Maza kuma sun kafa ƙungiyar rawar zaki, kullum in an tashi suna bayan ɗakin karatu suna fasa wa mutane kunne. Ni kuwa aka zaɓe ni in yi gimbiyar wata, in sa fararen kaya in raba wa yara alewa. Har gwada murmushi nake yi a madubi.

Sai kacar keke ta ɓata min komai.

Ranar Litinin ce, ranar da muke sa farar doguwar rigarmu, ao dai, saboda ɗaga tuta. An tashi, na je wurin ajiye kekuna, kekena na lantarki ya ce shi fa ba caji. Ina tsaye ina harararsa sai ga Khiem yana turo tsohon kekensa.

Khiem shi ke zama a bayana. Dogo ne siriri, kunnuwansa a baje kamar hannun kofi, in ya ji kunya su ke fara yin ja. Lissafi kuwa kamar shi ya ƙirƙiro shi. Bai taɓa ce min komai ba, na rantse. Shi dai in na buɗe teburina da safe nakan tarar da ƙunshin shinkafa mai danƙo da gyaɗa, da ɗuminta, in na waiga sai in ga yana karanta littafi a juye.

"Hau in kai ki," in ji shi, yana kallon tayar gaba.

"Wannan akwalar? Za ta kai mu kuwa?"

"Jiya ma buhun shinkafa na ɗauko da ita."

"Au, buhu ka mayar da ni?"

Kunnuwa suka yi ja. Na hau.

Kowace yarinya ta san in za ki hau keke da ao dai, sai ki naɗo shafin baya ki riƙe a cinya. Tun ranar da aka ɗinka min ta aka koya min. Amma ranar ina can ina kallon ƙeyarsa, ina dariyar da ba ta da dalili, sai na ji ƙiiit, an fizge ni ta baya. Kaca ta cafke gefen rigar, ta tauna, ta bar mata baƙin mai layi-layi.

A bakin lungunmu na sauka, na shiga gida a karkace ina ɓoye baya. Gidanmu ƙasa shago ne, sama ɗakuna. Mama kek ɗin bikin cikar wata take yi, kuma wannan watan shi ne kasuwarta ta shekara. Baba yana aiki a jirgin ruwa, sai sabuwar shekara muke ganinsa. Na same ta tana buga kek daga cikin katakon zubi, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Juyo."

Na juya.

"Kekenki ba shi da kaca."

Na ƙara karkacewa ina ɓoye baya.

"Na ce kekenki ba shi da kaca, Nhai. Keken wa ke da kaca?"

Ta leƙa waje. Shi kuma bawan Allah, maimakon ya kama gabansa, yana nan tsaye a bakin lungu, wai yana jira ya ga na shiga lafiya. Da suka haɗa ido sai ya rusuna har ƙasa, keken ya kife. Kafin Mama ta juyo, wayata ta yi ƙara a kan tebur. Ita ta ɗauka. Ta karanta da ƙarfi, da muryar mai karanta labarai:

"Kin shiga? Ki ba rigar haƙuri. Laifin kekena ne, zan yi masa faɗa."

Iya, kakata ta wajen uba, tana kan kujerarta ta gora tana fifita. Na ga kafaɗarta ta motsa, amma fuskar nan kamar an sassaƙa.

Mama ta ajiye wayar. "Ki buɗe kunne da kyau, don ba zan maimaita ba. Ba ke ba bikin makaranta. Daga aji sai darasin yamma, daga darasin yamma sai gida. Ba magana tsakaninki da yaron nan. Ranar da ƙafarsa ta tako gidan nan kuwa, washegari babban birni Hanoi za ki, gidan Goggo Tuyet, can za ki ƙarasa shekarar."

Jama'a, ba ku san gidan Goggo Tuyet ba. Gida ne da ko cokali ba ya ƙara. 'Ya'yanta da tabarau aka haife su. In na tafi can, ba ni ba ajinmu, ba ni ba hoton ƙarshen shekara, ba ni ba rubuce-rubucen da ake yi a farar rigar juna ranar rabuwa. Tun farkon sakandare muke tare, a ce sai a ƙarshe in ɓace kamar ba a yi ni ba? Na ce, "To, Mama." Kuma na riƙe alkawari, wannan ku shaida.

Sai dai riƙon ya ba ajinmu abin dariya. Diep, aminiyata, ita ce monita, gajera mai baki kamar rediyo, kuma ita ke zama a gefena. Ita ta zama gada.

"Diep, ki faɗa wa na bayana ya daina ajiye min shinkafa."

"Kai na baya, an ce ka daina."

"Diep, ki ce mata ba ita na ajiye wa ba. Tebur na ajiye wa."

"Ke, wai tebur ya ajiye wa."

"To ki ce masa tebur ya ce gyaɗar ta yi kaɗan."

Diep ta kifa littafi a ka. "Ni kam na shiga uku! Mutum biyu, numfashin wannan na taɓa ƙeyar wancan, sun mayar da ni tarho. Ku ji tsoron alhakina!"

Aka ba wata yarinya gimbiyar wata. Ban yi kuka a gaban kowa ba. A banɗaki na yi.

Ranar bikin, makaranta ta yi nata da rana, ni ina shago ina naɗe kek. Da la'asar Mama ta miƙo min wayata, da ta ƙwace tun ranar kaca, in duba ko an turo aikin gida. Saƙon Diep na tarar.

"Ki wanke fuska. Ki cire rigar nan mai hoton agwagwa."

"Me ya faru?"

"Karenmu ya zo na biyu. Kunnensa ɗaya ya faɗi a gaban alƙalai. Ki cire agwagwar na ce."

"Ya aka yi kika san ita na sa?"

"Kina da wata ne? Ki tsaya bakin ƙofa."

Na haura sama da gudu. Na sa shuɗiyar rigata mai ƙananan furanni da fararen maɓalli, na taje gashi na ɗaure da jan ƙyalle, na kwance, na sake ɗaurewa, na shafa ɗan man leɓe wanda ba ya nunawa sosai. Da na sauko, Iya ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Sayar da kek ne ya koma haka?"

"Zafi nake ji, Iya."

"Mhm."

A nan sai in gaya muku abin da ke tsakanin Mama da zaki. Kowa ya san in zakin biki ya shiga shago ya rusuna wa kakanni, to ya kawo arzikin shekara. Bara zakin unguwa ya shiga shagon Inna Hao, mai kek ɗin tsallaken titi, bai shigo namu ba. Tun daga nan, duk ranar da ciniki ya yi sanyi, sai Mama ta dubi tsallake ta ce, "Ai dole." Bana kuwa tun safe ta rataye wa zaki jar ambulan ta kuɗi da ganyen latas a saman ƙofa, ta goge teburin kakanni har yana ɗaukar ido, ta jera ayaba da lemo da kek, ta kunna turaren tsinke.

Rana na shirin faɗuwa sai muka ji ta. Tum, tum, tum-tum-tas! Yara suka cika lungu da fitilu. Sai ga ƙaton kan zaki, ja da ruwan zinariya, ido na ƙiftawa, farin gemu na reto. A gaba ga wani gajere mai ƙaton tumbi, sanye da fuskar kwali mai dariya, yana kaɗa mafici. Tafiyar kawai na gani na san Diep ce da matashin kai a cikin riga. Masu ganga kuwa duk 'yan ajinmu ne, sun jawo huluna har hanci.

Na dubi ƙafafun zakin. Safa ruwan ɗorawa. Mutum ɗaya ne tak a makarantarmu ke sa safa ruwan ɗorawa, ana ta yi masa tsiya bai daina ba.

Wayyo ni. Khiem ne a cikin zakin.

Daga baya Diep ta gaya min yadda suka shirya. Tunda an hana ni zuwa biki, su za su kawo min bikin bakin titi, su yi rawa in gani, su wuce. Khiem ma sai da ya sa ta rantse ba za su matso ƙofa ba. Haka kuwa ya yi. Ya yi tsalle, ya yi birgima, ya sosa kunne da ƙafa, ya zo saitina ya kashe min ido ɗaya har yara suka ɗauki ihu. Amma duk a kan kwalta. Da ya zo dab da dakalinmu sai ya ja baya kamar ya ga wuta.

Mama ta tafa, ta yi murmushi, ta nuna masa ambulan. Zaki ya girgiza kai.

Ta matsa gefe ta buɗe hanya. "Shigo mana, ranka ya daɗe! Ga hanya."

Zaki ya ƙara ja baya.

Sai ga muryar Inna Hao daga tsallake, zaƙi kamar zuma: "Ƙanwata, ƙyale shi mana, ya san gidan da ya saba! Taho nan, ɗan albarka, taho!"

Na ga wuyan Mama ya yi ja. "Yaya Hao, na bara bai ishe ki ba?" Ta kwance zanin aikinta ta jefa min, ta sauka kan titi da silifa, ta cafki gemun zakin da hannu biyu.

"Yau ko ka ƙi ko ka so, sai ka shiga gidan nan."

Zaki ya turje. Mama ta ja. Diep ta faɗa tsakani tana kaɗa mafici kamar mai kashe gobara, ba halin ta yi magana don Mama ta san muryarta. Wanda ke riƙe da wutsiya kuwa, Toan, ƙaton ajinmu, ba ya ganin komai a ƙarƙashin ƙyalle. Da ya ji ana ja gaba sai ya ɗauka alama ce aka ba shi, ya tura da dukan ƙarfinsa.

Ƙafar ta sauka a kan dakalinmu. 'Yar uwarta ta biyo ta. Unguwa ta ɗauki tafi.

Ni ina manne da kabad ɗin kek, ganga na bugawa, zuciyata na amsa mata: Hanoi, Hanoi, Hanoi.

Tunda an shigo, sai a yi abin da ya kamata. Zaki ya tuɓe takalmi a bakin ɗakin ciki, kun ji zaki mai tarbiyya, ya je gaban teburin kakanni ya rusuna sau uku. Mama har da share ƙwalla. Ta ɗauko kek ɗin da ya fi kowanne, mai gwaiduwa biyu, wanda ni ko ɓarɓashinsa ba a ba ni, ta tura masa a baki da hannunta. Ta shafa goshinsa, ta ɗaga murya yadda za a ji a tsallake.

"Gidan nan gidanka ne, ka ji? Duk ran da ka ga dama ka shigo. Kowa ya shaida!"

"Mun shaida!" in ji 'yan ajinmu, da ƙarfin da ya wuce misali.

Zaki ya fara fita da baya-da-baya, don ba a juya wa kakanni ƙeya. Saura ƙiris ya kai ƙofa. Na fara jawo numfashi.

"Tsaya."

Iya ce. Ganga ta mutu.

"Ba a yi wa gidana gumi a fita da ƙishirwa. Nhai, zubo shayi. Kai kuma ɗan nan, sauke kan nan ka sha iska."

Diep ta zube gaban Iya tana nuni da hannu, wai sauri suke, wai akwai sauran gidaje. Iya ta ɗaga nata maficin ta ƙwanƙwasa fuskar kwalin. "Ke Diep, tun kina rarrafe na san tafiyarki. Matsa."

Ƙofa tana nan a buɗe. Da ya ruga babu mai kama shi, Toan ma tuni ya saki wutsiya ya sulale. Amma bai ruga ba. Sai kan ya ɗaga a hankali.

Gashi sharkaf da gumi, kunnuwa jajir kamar an dafa, kek ɗin Mama a hannu. Ya ajiye kan, ya harɗe hannuwa a ƙirji, ya fara da babba yadda aka koya wa kowa.

"Ina wuni, Iya. Ina wuni, Mama. Sunana Khiem. Ban yi niyyar shigowa ba. Nhai ba ta san komai ba. In hukunci ne, ni za a yi wa."

Mama ta dube shi. Ta dubi hannunta, da sauran farin gashin gemu a tsakanin yatsu. Ta dubi ƙofa, rabin unguwa a tsaye, Inna Hao a sahun gaba ta miƙo wuya. Wa ya taɓa korar zaki daga shagonsa ranar cikar wata, bayan ya rusuna wa kakanni? Sai dai in mutum ya gaji da ciniki.

"Nhai," in ji Mama, a hankali. "Me na ce zai faru in ƙafar yaron nan ta tako gidan nan?"

Na ce, "Hanoi, Mama."

"Maman Nhai," in ji Iya, tana fifitarta, "ni ina zaune a nan, idona biyu. Ƙafar ba ta tako ba. Jawo ta aka yi. Da gemu."

Wani ya fashe da dariya a waje, aka toshe masa baki.

"Iya, ni fa zaki na gayyata."

"To ga shi nan. Ba shi shayi."

Mama ta juya ga Khiem. "Mayar da kan."

"Na'am, Mama?"

"Na ce mayar da kan nan. Ni ban ga kowa ba sai zaki."

Ya mayar. Na kawo shayi a faranti. Na zura ta bakin zaki, hannu biyu suka karɓa daga ciki. Aka ji kurɓa. Unguwa guda ta tsaya tana kallon zaki na shan shayi.

Mama ta riƙe ƙugu. "Kai ne wanda malamarsu ke cewa ya fi kowa lissafi?"

Kai ya gyaɗa, gemu na reto.

"Wannan kuwa," ta nuna ni da haɓa, "makin da ta kawo min wancan makon, kunya ta hana ni nuna wa kakanni. Ran Lahadi da hantsi ka zo. Nan ƙasa, gaban Iya, ƙofa a buɗe. In makinta ya tashi a gwajin tsakiyar zango, ta zauna. In bai tashi ba, Hanoi na nan inda take. Amma ka ji ni da kyau. Yaron nan mai keke, har gobe ba shi ba gidana. Zaki na ce ya zo, da kansa a wuyansa. In ka zo babu shi, ko dakali kada ka taka."

"Mhm," in ji Iya.

Zaki ya rusuna har gemu na sharar ƙasa, ya fita da baya, ya manta da takalmi, ya bi titi da safa. Sai da Diep ta dawo da gudu ta kwashe, tumbinta ya zamo har gwiwa. Ganga ta sake tashi. Inna Hao ta koma shagonta ba ko sallama. Jama'a kuwa suka yi caa a namu, kowa sai ya sayi kek a gidan da zaki ya sha shayi. Ni dai naɗi nake yi, na naɗe wannan a juye, na ba wancan na wani, ina dariya ni kaɗai.

"Rufe bakin nan kada ƙuda ya faɗa," in ji Mama. Amma da aka ɗan lafa, ita da kanta ta turo min waya a kan tebur. "Duba aikin gida."

Diep ce.

"Ke. Nemi wuri ki zauna tukuna."

"Ina zaune! Diep, ba za ni Hanoi ba! Ran Lahadi zai zo!"

"Shi ne fa. Na bayanki ya ce in gaya miki."

"Me?"

"Kan zakin aro ne. Gobe da safe mai shi zai karɓa, ƙauye zai tafi da shi."

Na ɗago, na ga Iya na kallona ta saman mafici. Na sunkuya na rubuta:

"Monita, tara min ajin nan gobe. Kowa ya zo da tsohuwar jarida da gam, kan zaki za mu haɗa."